Tukwanen Kabarin Inna

Duk wanda ya ce maku tanderun lantarkin nan na Kankara da kanshi ya mutu, ku ce mashi Lidiya ta ce ƙarya yake yi. Ni na kashe shi. Da hannuna, da rana tsaka, wata Talata cikin marka, kuma ba wanda ya aike ni. Shekara da shekaru ina jin mutane na zagin gwamnati a kanshi, wasu su ce makaniken ne bai san aikinshi ba, ni kuwa in ja bakina in yi gum. To yanzu na tsufa, gum ɗin ya ishe ni.

Zamanin arzikin man fetur ne, lokacin da gwamnati ke tashi da safe ta rasa abin yi, sai ta gina abin da ba wanda ya roƙe ta. Mu namu rabon shi ne gidan ginin tukwane. Wai an zo an auna farar ƙasarmu an ga ta yi kyau, za a riƙa yin faranti da kofi da butar shayi ana kaiwa har Kaduna. Aka yi dogon ɗaki na siminti a bayan gari, aka ajiye injin wuta mai shan gas a gefe, sannan wata babbar mota ta zo ta sauke tanderun. Ƙaton akwatin ƙarfe ne, ya fi ni tsawo. An jera farin bulo a cikinshi, an bi bangon da wayoyi masu lanƙwasa guda shida. In an kunna inji, wayoyin nan ke yin ja su gasa abin da aka sa. Ba itace, ba hayaƙi, ba toka. A jikin ƙofar akwai agogo mai allura ɗaya da ke nuna yawan zafi.

Ni aka ɗauka aikin tsaron agogon, don na yi firamare a makarantar mishan na iya karanta lamba, kuma ni ɗiyar Ramatu ce ta Mabai.

In ba ku san Inna Ramatu ba, to ba ku sha ruwan randa a ƙasar nan ba kafin roba ta zo. Daga Mabai har Sheme, ba gidan da ba aikin hannunta. Bamagujiya ce, wurin uwarta ta gaji gini. Ni na bi masu coci, yayana Barau ya musulunta, ita ta ce mu je Allah ya kiyaye hanya, tana nan inda aka haife ta. Ban da randa da tulu da tukunyar tuwo, akwai aikin da aka fi saninta da shi, wato tukwanen kabari. A wurinmu in an sa mamaci cikin ƙaramin ramin nan na ciki, ba a zuba mashi ƙasa a jiki. Sai an raba tukwane gida biyu an kifa a bakin ramin, an lilliƙe da laka, sannan a tura ƙasa. Musulmi da Kirista da masu bin na gargajiya, kowa haka ake yi mashi. Shekara arba'in Inna na wannan aiki, kuma ko da yaushe aka buga mata sallama za a samu tukwanen ajiye a rumfarta.

Sau ɗaya tak ta taka ƙafarta wurin aikina. Na buɗe mata tanderun ina ta rawar kai, ta leƙa ciki, ta shinshina, ta ce, "Ina wutar?"

Na nuna mata wayoyin.

Ta ce, "Uhm. Allah ya ba ku sa'a." Ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar Mabai, ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba. Haushin da na ji ranar nan, har na kwana biyu ban je gida ba.

Shekarar farko tanderun ya yi aiki lafiya lau. A ta biyu ya fara halinshi. Yau waya ta tsinke, gobe allurar agogo ta maƙale, jibi inji ya yi tari ya mutu. Shugaban gidan, Malam Sha'ibu, wani mutumin Faskari mai sanyin hali, ya rubuta takarda ta fi goma yana neman sababbin wayoyi. Amsar guda ce kullum, wai suna cikin jirgin ruwa a Ikko, jirage sun yi layi a teku ba wurin sauke kaya. Da ba don Gide ba da tuni an rufe gidan. Gide shi ne makanikenmu, ɗan Sabuwa ne, siriri, ba ya son yawan magana. In waya ta tsinke sai ya jira tanderu ya huce sarai, ya shiga da filaya, ya gasa bakin wayar da fitila ta yi laushi, ya murɗe su wuri guda. Ya sha gaya mani cewa wayar da ta taɓa cin wuta ta zama kamar busasshiyar taliya, ko taɓa ta aka yi da ƙarfi sai ta karye. Kuma ya sha gaya mani kada in kuskura in buɗe ƙofa da zafi a ciki. Na ji, na kuma ce na ji.

A shekarar ce ciwo ya kama Inna. Tun bazara ƙafafunta suka fara kumbura, in ta yi taku goma sai ta tsaya ta nemi numfashi. Muka kai ta asibiti, aka ba ta ƙwayoyi, ta sha na kwana uku ta zuba sauran a bayan ɗaki. Da ruwa ya sauka, aka yi rasuwa biyu a mako guda a unguwarmu, aka kwashe duk tukwanen da ke rumfarta. Ta tsaya ta dubi rumfar nan fayau, sannan ta ce wa matar Barau ta jiƙa mata yumɓu.

Barau ya ce, "Inna, da wane ƙarfin? Wa ya mutu kuma?"

Ta ce, "Nawa zan gina. Na rufe rabin garin ga da hannuna, ni kuma sai a rufe ni da aikin wata? Ba a yi ba."

Ba wanda ya iya hana ta. Macen da a da ke gina tukunya uku kafin rana ta take, yanzu sai ta kwana uku a kan guda. Tana zaune dirshan, ta yi ɗan gini ta jingina da bango ta huta, gumi na zuba. Amma hannun nan bai manta ba. Tukwane biyar ta gina, manya, masu faɗin ciki, bakinsu sumul. Aka jera su a ɗakinta kusa da murhu suka bushe a hankali.

Sai marka ta kafa. Kwana goma sha ɗaya ba mu ga rana ba. Matoyar Inna, filin da take tara tukwane ta lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu ta cinna wuta, ta koma tafki har kwaɗi na kuka a ciki. Kara ya jiƙe, kashin shanu ya koma taɓo. Dama ba a gashi da damina, kowace magina ta san wannan. Tukunyar da ba a gasa ba kuwa sunanta laka, ruwa na taɓa ta za ta narke. Inna na kwance tana kallon tukwanenta, mu muna kallonta, kowa ya san ba za ta ga kaka ba.

Ranar Lahadi bayan na taso daga coci na zauna bakin gadonta na ce, "Inna, ki ba ni su in kai tanderu. Can ruwan sama bai shiga."

Ta ce, "Akwatin ga naku?"

"Shi fa."

"Kin taɓa gasa yumɓuna a cikinshi?"

Na ce, "Haba Inna, yumɓu ai yumɓu ne. Kwana ɗaya ya gasa, kwana ɗaya ya huce, in kawo maki su jajir." Ku ji bakina. Allah ya sani ina son in taimake ta, amma ba zan ɓoye maku ba, har da son ta yarda sau ɗaya a rayuwarta cewa aikina ma aiki ne.

Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Can ta ce, "To ki ɗauka. Amma ki buɗe kunnenki, ke ɗiyar ga. In kin kunna wuta, kada ki bari ta mutu. Tukunyar da wuta ta mutu a kanta ba a sake gasa ta, ta tashi aiki. In kin ga wuta na ja da baya ki ƙara mata, ko zanenki ne ki tuɓe ki jefa."

Na ce, "Tamu wutar ba ta mutuwa."

Litinin da safe ruwa ya ɗan tsagaita. Mata biyar na unguwarmu suka ɗauki tukwanen, kowace da guda a kafaɗa yadda matanmu ke ɗaukar kaya, an naɗe da tsumma an rufa tabarma. Jaki ba zai yi ba, ɗanyar tukunya ba ta son jijjiga. Haka muka tako taɓon nan daga Mabai har Kankara, ina gaba ina duba masu wurin sa ƙafa, ba wadda ta yi zamiya.

Malam Sha'ibu ya dubi tukwanen, ya dube ni. Ya ce, "Lidiya, kin san kayan gwamnati ne, ba a yarda a sa aikin waje ba."

Na ce, "Na sani, Malam."

Ya cire hularshi ya sosa kai. Ya ce, "Tukwanen Inna Ramatu suka rufe mahaifina. Gobe ina Funtua wurin taro, sai Alhamis zan dawo. Ban gani ba, ban ji ba."

Talata da sassafe Gide ya tada inji. Ni na jera tukwanen da kaina, uku a ƙasa biyu a sama, na rufe ƙofa na ɗaure marfin. Sai allura ta kai ɗari tara ake cewa tukunya ta gasu. Muka fara a hankali yadda ya kamata, ɗari, ɗari biyu, ina zaune kan benci ina rubuta lamba a littafi, ruwa na ta yayyafi a waje. Wajen azahar allura ta taɓa ɗari huɗu. Har na fara tsara yadda zan shiga gida da tukwanen, da irin kallon da Inna za ta yi mani.

Sai na ji tas! a cikin tanderun, ƙwan fitilar ɗakin ya yi ƙifta, inji ya canza murya.

Gide ya shigo da gudu. Ya sa ido a ɗan ramin leƙe da ke jikin ƙofar, ya daɗe, sannan ya miƙe ya je ya kashe makunnin.

Na ce, "Kai Gide! Me ka yi?"

Ya ce, "Ɗaurin da na yi wancan watan ne ya saki, ya faɗa kan wayar da ke ƙasa ya ƙone ta. Biyu sun tafi. Huɗun da suka rage ba za su kai mu ko ɗari shida ba, in na bar su ma su ƙone."

"To yanzu fa?"

"A bar shi a rufe ya huce. Jibi in shiga in ɗaure, Juma'a mu sake kunnawa. Lahadi ki kai mata kayanta."

Na ce, "Ba a sake gasa tukunyar da wuta ta mutu a kanta."

Ya ce, "Wannan a matoya ne, Lidiya, inda iska ke bugunsu ta ko'ina. Nan a rufe suke, a hankali za su huce, ba abin da zai same su. Sau nawa muka yi haka da farantai, ke da kanki kina wurin?"

Gaskiyarshi ce, ina wurin. Sau uku muka yi, ko faranti ɗaya bai tsage ba. Na koma na zauna ina kallon allura tana saukowa, ɗari uku da casa'in, ɗari uku da tamanin. Amma na yarda. Allah ne shaidata, a lokacin na yarda da maganar Gide.

Ana haka sai ga Barau a kan keke, taɓo har gwiwa, rigarshi sharkaf. Tun kafin ya jingine keken na san ba lafiya ba.

Na ce, "Yaya, ta cika?"

Ya ce, "Da sauranta. Amma tun jiya ko ruwa ba ta haɗiye ba, numfashin sama-sama yake. Sau uku tana buɗe ido tana cewa, wutar na ci? Shi ya sa na ce bari in zo in gani da idona in gaya mata." Ya dubi tanderun. "Tana ci?"

Gide ya yi mashi bayani, yadda ya yi mani. Barau ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai ya ce, "Lahadi? Malam Gide, ni ban ga alamar za ta kai jibi ba."

Aka kira salla a cikin gari, Gide ya ce wa Barau su je su yi, su ɗan sa wani abu a ciki su dawo a san abin yi. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Lidiya, kada ki taɓa komi." Na ce to.

Suka bar ni ni da allura. Ɗari uku da hamsin.

Ban san yadda zan sa ku gane ba. Ni an haife ni a bakin matoya. Tun ban kai tsawon randa ba nake tsaye da dami a hannu, in Inna ta ce ƙara can, in ruga in ƙara. Na ga ranar da iska ta juya ta cinye mana kara, Inna ta hau ɗakin girkinta ta yaye rufin ta jefa a wuta, muka yi wata guda muna girki a fili, amma tukwanen suka fita. Duk karatun lambar da na yi, da kwas ɗin wata uku da aka kai ni, shekara biyu ne kawai. Wancan kuwa a jinina yake. Uwata na can tana ja da rai tana tambaya ko wuta na ci, ni ina zaune na naɗe hannu ina kallon wutar tana mutuwa a agogo. Wallahi ban yi shawara ba, ƙafafuna ne suka tashi.

Na fita na yaye zanar rumfar maigadi, wadda ke ƙasa-ƙasa ba ta jiƙe sosai ba. Na kwaso kwalayen da ake zuba farantai. Na karya tsohon benci. Na je wurin inji na cika gwangwani da gas. Sannan na kwance marfin, na ja ƙofar tanderun.

Zafin ya doke ni a fuska har gashin girata ya ƙone. Ga su nan su biyar, lafiya lau, sun fara sauya kala. Iskar damina mai sanyi ta biyo ƙofar ɗakin ta wuce ni ta shiga. Sai na ji ƙas. Ƙaramin sauti ne, kamar an taka busasshen ganye. Sai wani ƙas, daga sama. Da mai hankali ce da a nan ta rufe. Ni kuwa sai na ce sanyi ne ke kama su, maza in ba su wuta. Na dinga cusa zana da kwali da katako ta kowane gefe, ina turawa da sanda, ina jin wayoyi na karyewa a bango ƙaras ƙaras ban ko kula ba. Na watsa gas na ƙyasta ashana.

Wuta ta tashi bal, na yi murna na tura ƙofa. Ina rufewa ta mutu, don akwatin ba a yi shi da wurin shan iska ba. Na buɗe, ta tashi da baƙin hayaƙi. Na rufe, ta mutu. Na buɗe. Haka na dinga yi kamar mahaukaciya, ina tari, ina hawaye, ina kiran sunan Yesu, kowace buɗewa ina jin tukwanen na amsawa ɗaya bayan ɗaya. Allurar kuwa ta faɗi ƙasa ta kwanta, ashe na karya sandar da ke auna zafin tun a turin farko.

Hayaƙin suka hango daga masallaci. Barau ne ya fizge ni ya yi waje da ni, Gide ya kwaso yashi ya kashe sauran wutar. Na zaci zai zage ni, na ma so ya zage ni. Sai ya tsuguna a gaban tanderun ya daɗe yana kallon bangon. Wayoyi shida, ba wadda ba ta karye wuri huɗu ko biyar ba, farin bulon ya sha gas ya koma baƙi ƙirin.

Ya ce, "Biyu zan iya ɗaurawa. Wannan ko wanda ya ƙera shi ya zo sai dai ya sa sababbi." Ya juyo ya dube ni, idonshi ya yi ja. "Lidiya, kwana biyu kawai na ce maki."

Washegari da ya huce na shiga na kwaso su. Ba wadda ta fita da rai. Wata ta rabe biyu, wata uku, wata ta zube gutsu-gutsu, duk sun yi baƙi. Ina jera su a kwando ina lallashin kaina, ina cewa ai dama raba su ake yi kafin a kifa, wuta ta dai riga masu haƙa ne. Manyan ɓarayin za su rufe rami. Da wannan tunanin na ɗauki kwandon na tafi Mabai, ina addu'a in same ta da rai.

Na same ta zaune. An jingina ta da bango, matar Barau na ba ta kunu a ludayi, har ta sha rabin ƙwarya. Ciwon ne ya yi irin lafawar nan tashi. Na tsaya a bakin ƙofa da kwando, na rasa ko murna zan yi ko ihu.

Ta ce, "Miƙo in gani."

Na zaɓi ɓarin da ya fi girma na ba ta. Ta juya shi, ta goge baƙin da babban yatsa, ta ƙwanƙwasa da farce ta kai kunne. Ta ce a kawo mata ruwa a ƙwarya. Ta ɓalli gefen ɓarin ta jefa a ciki, muka zuba ido mu uku. Da farko ba abin da ya faru. Sannan ƙananan kumfa suka fara tasowa, gefen ya yi laushi, ruwan ya fara komawa ja. Ta sa yatsa ta danna, ya baje.

Ta ce, "Wutar ta mutu?"

Na ce, "Ta mutu, Inna."

"Kin ƙara mata?"

"Na ƙara. Zana, da katako, duk abin da na samu."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To kin yi abin da ake yi. Ba laifinki ba ne, ɗiyata. Akwatin ne bai da albarka, tun ranar da na leƙa shi na sani." Ta kama hannuna, ta ga inda ya ƙone, ta ce wa matar Barau ta kawo man shanu a shafa mani.

Barau na tsaye a ƙofa, ya san komi, ya sunkuyar da kai. Ni kuma na buɗe baki in ce mata Inna, da na bar su da sun gasu, sai na kasa. Na bari tana shafa mani man shanu tana ce mani sannu. A duk abin da na yi, wannan ya fi ci mani rai.

Alhamis tana nan. Juma'a tana nan, har ta nemi a fito da ita ƙofar ɗaki ta sha iska. Ina zaune kusa da ita ina cewa a raina, yanzu da Gide ya kunna. Asabar na ce da yanzu suna hucewa. Lahadi ban je coci ba, na shiga bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah, don ranar ce da zan shigo da su a kafaɗar mata biyar, ita kuwa ga ta da ranta da hankalinta, tana ma faɗa da jikokinta kan sun bar kaji sun shiga rumfa.

Ran Litinin ta ce a jiƙa mata yumɓu. Muka jiƙa. Ta ɗora hannu ta fara murza gindin tukunya, ta kai kamar tsawon tafin hannu, sai yatsun suka ƙi. Ta sake gwadawa, ginin ya karkace ya zauna. Ta daɗe tana kallonshi, sannan ta goge hannunta a zane ta ce a ɗauke. Daga ranar ba ta ƙara maganar tukwane ba.

Barau bai zauna ba. A ɓoye ya hau keke ya je Sheme, ya je Faskari, ya bi duk wata magina da ya sani, ko na wata ne a samu a rufa mata asiri. Kowa ya ce mashi sai kaka. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Ai mu in mun rasa, wurin Ramatu ta Mabai muke aikawa."

Kwana tara ta yi bayan ranar da na buɗe ƙofar nan. Ta cika ran Alhamis da hantsi, ana yayyafi.

Maza suka haƙa kabari a bayan gari. Da aka zo rufewa aka tsaya cirko-cirko. Wani ya ce a sari itace, wani ya ce ramin ya yi faɗi don ƙasar ta jiƙe tana zubewa, ɗanyen itace ba zai hana laka shiga ba. Sai Barau ya juya. Ya koma gida ya hau sabon ɗakin da ya gina bara, ya ɓamɓaro kwanon rufi falle biyu, ya jawo su a ƙasa har maƙabarta. Aka lanƙwasa, aka kifa mata, aka danne gefe da duwatsu.

Mu mata muna tsaye nesa ƙarƙashin wata ɗorawa. Na sha tsayawa a wurin nan. In ana tura ƙasa a kan tukwane ba ka jin komi daga can, sai dai ka ga shebur na sama yana ƙasa. Ranar nan da aka watsa shebur na farko, kwanon ya yi kwaram, har tsuntsaye suka tashi daga kan ɗorawar. Aka sake watsawa, ya sake amsawa. Tsofaffin matan da ke gefena, waɗanda Inna ta rufe wa mazaje da 'ya'ya, suka juya baya ɗaya bayan ɗaya suka toshe kunne da gefen zane.

Ni ban toshe ba. Na tsaya na ji shi duka, har ƙasa ta yi yawa ƙarar ta daina fita.